Dusar Da Muke Bai Wa Raguna

  

Yau maganar ciki nake tafe da ita. Duk wanda ya daɗe a zango ya san cewa a da idan aka ce wane ba shi da lafiya, zazzaɓi ne ko shawara ko ciwon baya na ɗaukar kaya. Yanzu kuwa da wuya ka zauna a majalisa ta mutum goma waɗanda suka haura shekara arba'in ba ka samu mai ciwon suga ko hawan jini a cikinsu ba. Wannan ya daina shan shayi da sukari, wancan yana yawo da ƙwayoyi a aljihun gaba, wani kuma an ce ya tafi gida jinya, daga nan sai dai ka ji an ce a yi masa addu'a. Rai da ajali na Allah ne, babu mai jayayya da wannan. Amma Allah ɗin ne ya sanya wa kowane abu sababi, kuma ni a nawa ganin wani babban yanki na sababin yana cikin kwanon da muke sa hannu sau uku a rana.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mu ne masu hatsin. Motocin da ke tasowa daga Dawanau da sauran kasuwannin Arewa su sauke gero da dawa da masara da wake a Bodija ko Mile 12, namu ne, direbobin namu ne, dillalan namu ne, masu auna wa mutane a kongo ma namu ne. Amma je ka duba abin da mai wannan rumfar ya karya da shi: burodi da shayi mai sukari cokali uku ko huɗu. Da rana farar shinkafa da lemon kwalba. Da dare Indomie da ƙwai a teburin mai shayi, ko teba a buka, ko tuwon semo idan iyalinsa na kusa. Yana zaune a kan buhun gero, amma sai ya yi wata guda gero bai shiga bakinsa ba.

Bari mu fara da ita ƙwayar hatsin kanta, don a nan maganar take. Kowace ƙwaya, ta gero ce ko dawa ko alkama ko shinkafa, kashi uku Allah ya yi ta. Akwai fatar da ta lulluɓe ta, wadda idan aka surfa take fita a matsayin dusa. Akwai ɗan idon nan da ke tsirowa idan an shuka, wanda yake ɗauke da mai. Sai kuma farin cikin, wanda shi ne mafi yawa, kuma kusan duk sitaci ne. Harza, wato ɓangaren abinci da hanji ba ya narkarwa, da yawancin bitamin na rukunin B, da sinadarai irin su ƙarfe da maganiziyam, a cikin fatar da idon suka fi taruwa. Idan aka cire waɗannan biyun, abin da ya rage sitaci ne da ɗan furotin.

Shi kuwa sitaci, da zarar ya shiga ciki sukari yake komawa, ko da bai yi zaƙi a baki ba. Wannan shi ne abin da masana ke kira kabohaidiret, kuma jiki yana buƙatarsa, don da shi muke samun ƙarfin tafiya da aiki. Bambancin yana wajen saurin shigarsa jini. Idan hatsi ya zo da dusarsa, kuma ba a niƙe shi ya yi laushi kamar hoda ba, ciki yana ɗaukar lokaci kafin ya narkar da shi, sukarin ya riƙa shiga jini kaɗan-kaɗan, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Idan kuwa farin gari ne tsantsa ko lemon kwalba, sai sukarin ya afka wa jini lokaci guda. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin da ke kwashe sukari daga jini ya kai shi inda za a yi amfani da shi. Idan aka yi shekaru ana ɗora mata wannan lodin safe da rana da dare, ga teɓa ta taru, ga zama wuri ɗaya, sai jiki ya fara ƙin jin maganar insulin, ita ma gaɓar ta gaji. Daga nan ciwon suga nau'i na biyu yake samun ƙofa, musamman ga wanda yake da gadonsa a dangi.

Akwai wani labari na tarihi da nake so mai karatu ya sani. A shekarun 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Christiaan Eijkman yana aiki a tsibirin Jaba, cikin ƙasar da yanzu ake kira Indunusiya, yana neman sanadin wata cuta mai kashe jijiyoyi da ake kira beriberi. Sai ya lura kajin da ake bai wa farar shinkafa da aka goge suna kamuwa da irin wannan cuta, idan kuma aka mayar da su kan shinkafar da ba a goge ba, ko aka ba su dusarta, sai su warke. Daga wannan binciken ne aka bi sawu har aka gano bitamin B1, shi kuma aka ba shi kyautar Nobel a 1929. Kun ga ke nan fiye da shekara ɗari da suka wuce kaji sun riga sun ba da shaida a kan dusa.

Mu fa me muke yi da tamu? Idan Babbar Salla ta matso, kowa ya san yadda dusa take tsada a nan Kudu. Mu saye ta buhu-buhu mu zuba wa raguna, mu tsaya muna kallon yadda suke murjewa, gashinsu yana sheƙi, muna cewa ai dusa akwai albarka. Sannan mu shiga gida a kawo mana tuwo fari sol, mu ce madalla da uwargida, ta iya surfe.

A nan dole in faɗi wata gaskiya, don kada a ɗauka ina cewa duk abincin Arewa lafiyayye ne, na Kudu kuma shi ne matsala. Tuwon masarar da aka kai injin surfe aka cire fata da ido, aka jiƙa, aka shanya, aka niƙa, aka tankaɗe da rariya mai laushi, ba shi da wani fifiko a kan semo ta fuskar harza. Tuwon shinkafa da waina, farar shinkafa ce. Kokon da aka tace ƙullunsa aka zubar da abin da ya rage a mataci, sannan aka zuba masa sukari, ɗan uwan ogi ne na maƙwabtanmu Yarabawa, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Furar ma da muke alfahari da ita, idan mai damawa ta zuba mata sukari ludayi guda, ta rage mata daraja. A ɗaya ɓangaren kuma, Yarabawa suna da abubuwan da ya kamata mu koya. Suna cin wake sosai, safe da rana, ko dafaffe ko alala ko ƙosai, kuma wake yana cikin abincin da ya fi komai harza da riƙe ciki. Suna da shinkafar Ofada ta jihar Ogun, wadda ba a goge ta ta yi fari tas. Miyar ganye kuwa, ewedu da efo, ba ta yanke musu. Saboda haka a bar maganar Arewa da Kudu. Tambayar da za a yi wa kowane abinci ita ce, me aka cire masa kafin ya iso kwano, me kuma aka ƙara masa?

To me ya sa fari ya rinjaye mu? Na farko akwai dalilin kasuwa. Duk matar da ta taɓa niƙa gero ta ajiye ta san garinsa ba ya jimawa, 'yan kwanaki kaɗan sai ya fara ɗaci da wani irin wari. Man da ke cikin idon ƙwayar ne yake lalacewa. Kamfanin da zai niƙa gari a Apapa ya aika shi Maiduguri ya kwana wata da watanni a kanti, dole ya cire wannan idon da dusar. Alkamar ma kusan duk daga waje ake shigo da ita ta jirgin ruwa, shi ya sa manyan injinan niƙa suke bakin teku, mu kuma mazauna Kudu muna zaune a bakin ƙofarsu. Manya za su tuna lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, burodi ya yi wuya, har aka ɗage hanin a 1992. Tun daga nan fulawa sai ƙara shiga rayuwarmu take yi. Gaskiya ne tun 2002 doka ta wajabta a ƙara wa fulawa bitamin A, kuma ana ƙara mata wasu sinadaran, wannan abu ne mai kyau. Amma harzar da aka cire ba a mayar da ita.

Na biyu akwai yanayin zamanmu. Da yawa cikinmu iyali suna gida, mutum shi kaɗai yake kwana a shago ko ɗakin haya da 'yan uwansa biyar. Wa zai surfa, wa zai tuƙa? Abin da ya fi sauri da araha shi ake ci. Sannan aikin ya canza. Mahaifina da malmala uku yake tashi, amma daga sallar asuba har azahar yana duƙe a gona da fartanya. Ɗan canjin da ke zaune a benci a Sabo daga safe har magariba, ko mai tsaron shago, ko direban da ke kwana a kan sitiyari, idan ya ce zai ci malmala uku irin ta mahaifina, ina ƙarfin zai tafi? A tumbi zai taru.

Na uku, wanda ya fi wuyar magani, shi ne abin da ke cikin zukatanmu. Mun taso muna ganin farin tuwo da shinkafa da burodi su ne alamar an samu, baƙin tuwon dawa kuwa na wanda bai da hali ne. Wanda ya zo Kurmi ya yi kuɗi yana jin kunya baƙo ya tarar da shi yana cin tuwon dawa da miyar kuka. Na taɓa jin wata baiwar Allah tana cewa ita ba ta baro ƙauye ta zo Ibadan don ta ci gaba da cin abin da ta gudo ta bari ba. Ban ga laifinta ba, don na san wahalar da take tunawa. Sai dai ita cutar ba ta san wannan lissafin ba.

Akwai wani dattijo da muka yi shekaru muna sahu ɗaya a masallaci, tsohon dillalin goro, mutum mai kyauta da barkwanci. Ƙaramin ciwo ya ji a ɗan yatsan ƙafa, ya ɗauka tuntuɓe ne, ya yi ta sa masa magani a gida. Wata biyu ciwon bai rufe ba. Da aka kai shi asibiti aka auna, sai aka tarar suga ya daɗe a jikinsa bai sani ba, har ya taɓa jijiyoyin ƙafar, dole aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Da na je gaishe shi na ce, "Baba Alhaji, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne." Ya ce, "Amin, ɗana. Ka ga ni ban taɓa shan taba ba, ban san giya ba. Shayi ne kawai da burodi, sai ɗan lemo idan rana ta yi zafi. Ashe shi ma yana da lissafi." 'Ya'yansa sun mayar da shi gida, rumfarsa kuma wani ne a ciki yanzu. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu wannan ciwo a Afirka ba su san suna da shi ba. Baba Alhaji yana cikinsu, kuma Allah kaɗai ya san mu nawa ne a zango muke yawo haka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2023 cewa babban mutum ya samu aƙalla giram 25 na harza a rana, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa, kuma yawancin kabohaidiret ɗinsa ya fito daga hatsin da ba a cire wa dusa ba, da ganye, da 'ya'yan itatuwa, da dangin wake. Tun a 2015 kuma ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi 12, in an rage zuwa rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ɗaya ta rabin lita tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya, tun ba a zo maganar shayin safe da na dare ba. Sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, irin su dawa da acca. Abin da muke jin kunyar ci a gaban baƙo, shi duniya ta shirya wa taro.

Mu Musulmi ma muna da abin dubawa a gida. A cikin Sahihul Bukhari, a babin abinci, an ruwaito daga Sahabi Sahlu ɗan Sa'adu cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai ci burodin tataccen farin gari ba, kuma a lokacin ba su da rariya. Sha'ir suke niƙawa, su hure abin da zai tashi, su kwaɓa sauran. Ban kawo wannan don in haramta wa kowa halak ba, farin gari halak ne. Na kawo ne don wanda yake ganin cin gari da dusarsa ƙasƙanci ne ya san wanda ya fi kowa daraja haka ya ci.

A gidana ga yadda muka yi, ko wani zai samu abin ɗauka. Ba mu yi wa abin juyin mulki ba, don na san idan na ce daga yau babu shinkafa babu burodi, yaran nan da aka haifa a Ibadan za su yi mini bore. Da na kawo maganar, uwargida cewa ta yi, "Malam, tuwon da ba a surfa ba ai sai ka ci kai kaɗai." Sai muka yi sulhu. Dawa da gero a wanke su sosai, a tsince tsakuwa, a shanya, a yi musu surfe sama-sama ko a bar su haka nan, a niƙa kongo ɗaya ko biyu kawai wanda zai ƙare cikin mako. Da farko ana haɗa rabi da rabi da garin da aka saba, har baki ya saba. Mai injin da muke kai wa niƙa ta yi ta mamaki, tana tambaya ko kuɗin surfe ne babu. Yanzu ta san mu, har tana cewa wasu cikin 'yan uwanta ma haka suke kawo nasu.

Shinkafa ba mu daina ba, amma ba ta zuwa ita kaɗai, sai da wake, kuma waken ya kusa kai yawanta. Dambu da zogale ya dawo, fate da ganye ya dawo, ɗanwake ma haka. Kunun safe ana yin sa da gero ba tare da an tace shi ya zama ruwa ba, sukarin kuma aka yi ta rage shi kaɗan-kaɗan har ya koma rabin cokali. Malmala ta ragu, miya ta ƙaru. Lemon kwalba ya koma na ranar suna da Salla. Wanda ya fi ba mu wahala shi ne autanmu, amma shi ma yanzu idan aka yi dambu har ƙari yake nema.

Ga 'yan uwa gwauraye da waɗanda iyalinsu ke gida, na san ba ku da murhu, amma kuna da baki. Ka ce wa mai shayi cokali ɗaya, ko ka karɓi cokalin ka zuba da kanka. Maimakon rabin burodi, ka sayi ƙosai ko alala ka haɗa da ɗan yanki. A buka ka nemi wake, ka ce a ƙara ganye, ka rage teba. Dafaffiyar masara ko gasasshiya a lokacinta hatsi ce cikakkiya, ga ta ko'ina a bakin titi. Gyaɗa, goba, lemon ɓawo, gwanda, duk sun fi biskit da cincin. Idan ka samu mai fura, ka ce a dama maka ba sukari, ko ɗan kaɗan.

Sai kuma hattara guda uku. Ta farko, launi ba shaida ba ne. Burodi yana iya yin ja ko ruwan ƙasa alhali yawancinsa farar fulawa ce, saboda haka a karanta abin da aka rubuta a leda, ko a tambayi mai gidan burodin. Ta biyu, acca da garin alkama ba maganin ciwon suga ba ne, kamar yadda ake yaɗawa. Su ma sitaci ne, wanda ya cika kwano da su sugansa zai hau. Mai ciwo kada ya ajiye maganin likita don ya koma cin acca. Ta uku, hatsin da za a ci da fatarsa dole ya zama busasshe mai tsabta. Damshin Kudu yana sa masara da gyaɗa su yi fumfuna, kuma fumfunar nan tana da guba mai cutar da hanta. Duk ƙwayar da ta canza launi ko take warin ruma a zubar da ita, kada a ce asara ne.

Abu na ƙarshe, a je a auna. Gwajin suga ɗigon jini ɗaya ne daga ɗan yatsa, da safe kafin a ci komai, kuma ana yi a asibitoci da manyan kemis. Idan na'urar ta nuna 126 ko sama da haka a ma'aunin da aka fi amfani da shi a nan, a je wurin likita ya sake tabbatarwa. Tsakanin 100 da 125 kuwa gargaɗi ne, kuma a wannan matakin gyaran abinci da tafiyar ƙafa suna iya mayar da mutum baya. Ina roƙon sarakunan Hausawa na zangonninmu da limamai da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su riƙa gayyato ma'aikatan lafiya lokaci-lokaci, ko da bayan sallar asuba ne a ƙofar masallaci, a auna jama'a. Yadda muke haɗa kuɗi mu kai gawa ko mara lafiya gida, haɗa kuɗin gwaji ya fi sauƙi.

Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa ta, kakanninmu suka zo da shanu suka koma da goro, suka riƙe addininsu da harshensu da suturarsu a tsakiyar ƙasar Yarabawa. Mun gaji duk wannan, mun kuma riƙe. Gero da dawa ma suna cikin gadon, kuma ga su nan a rumfunanmu, ba sai mun yi oda daga ko'ina ba. Kowannenmu ya fito ne don ya tara abin da zai koma da shi ya rufa wa kansa da iyalinsa asiri, to a yi ƙoƙari a koma da ƙafa biyu da ido biyu, don a ci moriyar abin da aka tara.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma ya ba mu ikon gyarawa. Sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.